Sallau Mai Riƙe Wuta da Hannu

Wani mutum ne ana ce masa Sallau Injiniya, mai aikin wayarin a wani ginin bene da ake yi a Rijiyar Zaki. Bakinsa ya fi janareta ƙara. Cewa yake shi da wutar lantarki tare suka yi wasan ƙasa, in ta gan shi ma sunkuyar da kai take yi.

Malam Haladu mai kula da aikin ya kawo wani akwatin raba wuta. Daga janareta wuta ke shiga cikinsa, kowa da soket ɗinsa da makunninsa, mai walda daban, mai yankan rodi daban. In wuta ta taɓa mutum, nan take akwatin zai ɗauke ta.

Sallau ya taɓe baki. "Malam Haladu, wannan ai na masu jinin tsoro ne. Ni an dafa ni tun ina goye."

Kullum da azahar sai ya tara leburori, ya damƙi tsirarar waya da hannu, janareta na ta ruri, shi kuwa yana hamma. Ashe kafin nan yakan zagaya a sace ya kashe makunnin layinsa. Duk mai son ya ba shi sirrin, sai ya saya masa farantin shinkafa da wake da ƙwai biyu. Cikin mako guda Sallau har ya fara ajiye tumbi.

Ran nan Barau mai walda ya zo haɗa injinsa, ya ga makunni ɗaya a kwance. "Kai, wa ya kashe wa Injiniya wuta?" Bawan Allah, da niyyar alheri ya ɗaga shi. Ƙas!

Can gefe Sallau ya naɗe hannun riga. "Ku matso ku gani! Yau da hannu biyu zan riƙe ta."

Ya cafka.

Zzzt! "Wayyo Inna!"

Akwati ya ɗauke wuta, amma ta riga ta gaisa da shi. Hula gabas, takalmi yamma, Injiniya a kan tulin yashi, ƙafafu na harbin iska.

Malam Haladu ya sheƙo a guje. "Sallau! Kana da rai?"

"Lafiyata ƙalau," in ji shi, haƙora na kaf-kaf. "Wasa muke. Ta daɗe ba ta gan ni ba ne."

Ya miƙe yana kakkaɓe jiki. Sai kowa ya zuba wa wandonsa ido. Sharkaf, har gwiwa.

"Me kuke kallo? Ruwan kwaɓa siminti ne na faɗa ciki!"

Barau ya sosa ƙeya. "Injiniya, ai tun jiya tankar ruwa ba ta zo ba."