Ƙwaron da Kaka ta sa a baki

Duk abin da zan manta, ba zan manta da ranar da aka kawo lefen Yaya Hadiza daga Kelle ba.

Lokacin ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, kuma ban daɗe da karanta wani littafi kan kaburburan mutanen Sin na dā ba. Wai suna yi wa gawar sarki riga da wani koren dutse mai suna jad, su sassaƙa ƙwaro mai kama da gyare su ɗora mata a harshe, don kada ta ruɓe. Hoton ƙwaron nan ya zauna mini a rai (har waƙa na rubuta masa, Allah ya yafe mini).

Mata sun cika tsakar gida, ana ɗaga atamfa ana guɗa, sai gwaggon ango ta fito da wata sarƙa. “Wannan daga Sin ɗanmu ya zo da ita.”

Koren ƙwaro ne a jikinta, fukafukai a naɗe. Shi ne sak. Bakin wa aka buɗe aka ciro shi? Shekara nawa ya yi a cikin duhu?

Kaka kuwa, kamar sauran tsofaffinmu, ba ta yarda da dutsen ado sai haƙorinta ya shaida. Ta karɓa, ta jefa ƙwaron a baki.

Na ga harshenta ya taɓa shi, na ga likkafani. Ban san lokacin da na tsallake akwati biyu ba.

“Kaka, tofar! Na bakin gawa ne!”

Na cusa mata yatsa a baki, ina kuka. Guɗa ta tsaya cak. Gwaggon ango ta miƙe tana gyara mayafi. “Mu ne masu tonon kabari? A rufe akwatunan.” Yaya Hadiza da ke leƙowa ta labule ta fashe da kuka.

Kaka ta ture hannuna. “Ke ja'ira, wace gawa? Roba ce! Ina sa haƙori na ji, na yi shiru don in rufa wa baƙi asiri.”

Gwaggo ta koma ta zauna a hankali, ba ta ƙara ɗaga kai ba. An dai ɗaura auren, amma wata uku Yaya ba ta amsa gaisuwata.

Yanzu in tsoro ya taso mini daga littafi, nakan bari tsohuwa ta gama taunawa tukuna.