Yadda Za Ka Sa Kwastoma Ta Amince da Bidiyon Biki Ba Tare da Ta Buɗe Baki Ba

Kai mai tace bidiyo, bi waɗannan matakai, na yi maka alkawari za ka gama aikinka. Da matakan nan maƙwabcina Stoil ya gama nasa a nan birnin Plovdiv. Tun kaka yake fama da bidiyon bikin 'yar Goggo Nevena, har matarsa Radka ta ce ko kwamfutar ta bar teburin cin abinci kafin bazara, ko ita ta bar gidan.

1. Kada ka ce "yaya kika gani?"
Wannan tambayar ita ke tsofar da mutum. Stoil ya yi ta sau ɗaya. Goggo ta ce, "Ya yi kyau, ɗana, amma ka sa masa rai."
"Wane irin rai, Goggo?"
"Kai ne gwani, ni kake tambaya?"

2. Hana dangi gani.
Duk wanda ya ci nama a biki yana ganin ya zama darakta. Kawun ango ya bugo waya: "Kai yaro, tumbin nan da ka sa mini, na wane ne?" Littattafan tarihi cike suke da daulolin da shawarar dangi ta rusa.

3. Kawo abinci.
Ajiye wa kwastoma banitsa mai zafi, burodin nan namu mai cuku. Bakin da ke tauna ba ya gyara fim.

4. Yi tambayar da kai kaɗai zai amsa.
Mu a ƙasar nan, girgiza kai "e" ne, gyaɗa shi kuma "a'a". Stoil ya jira ta cika baki, ya ce, "Goggo, in cire jawabin uwar ango? Ya fi huɗubar fadan coci tsawo."
Ta girgiza kai.
"Shi ke nan, mun gama?"
Ta sake girgizawa, da ƙarfi, har ɗankunnenta na rawa. Ya sumbaci hannunta, ya yanke jawabin, ya tura wa dangi duka bidiyon, ya ɗauke kwamfuta daga tebur. Radka ta shimfiɗa wa teburin sabon mayafi.

5. Kada ka binciki inda kwastoma ta zauna.
Da ya bincika, da ya ji Goggo ta daɗe tana aikatau a birnin Munich, kuma wuyanta ya koma na Jamusawa, masu girgiza kai in sun ce "a'a". Washegari ta iso da uwar ango a bayanta.
"Sau biyu na ce maka a'a, jaki!"
"Goggo, girgizawa kika yi."
"To da me ake cewa a'a, da gwiwa?"

Kwamfuta ta koma tebur, a kan sabon mayafin. Radka ta koma gidan uwarta. Yanzu Stoil yana da fili sosai, har ya ƙara allon kwamfuta na biyu.

Gargaɗi: Ba ruwana da auren da ya mutu ko haƙorin da ya fita. Alkawarin da na yi na gamawa ne, ban ce sau ɗaya ba. Mace guda na sani da ke faɗin "a'a" da bakinta, ita kuma tana maƙabarta. In kana da ƙorafi, zo ka faɗa. Zan girgiza maka kai.