Rasuwar Ja-da-Fari, Wadda Numfashi Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɓacin ran da ladabi ya hana a bayyana girmansa, Tsuruoka Shigeharu, tsohon malamin tarihi a garin Morioka, yana sanar da rasuwar na'urar wasan talabijin ta gidansa, Ja-da-Fari, tana da shekara arba'in da ɗaya.

Marigayiyar ta shigo gidan ran tara ga Satumba, 1983. Tana cikin rukunin farko masu maɓallai masu kusurwa huɗu. Masu cewa zagayayyu ne sun ruɗe ta da ƙannenta. Ba ta taɓa neman komai ba sai lantarki da tasha ta biyu a talabijin. Gaisuwarta ɗaya ce kullum: tin-tin-tirii.

Ta bar kaset na wasanni goma sha tara da madannai biyu na sarrafa wasa. Ta kuma bar amanar da ta ci. Ɗaya daga cikin kaset ɗin na matarsa ne, Fumie, kuma a cikinsa tafiyarta ta cikin wasan take ajiye: wata 'yar jaruma mai sunanta, tsaye a ƙofar fada ta ƙarshe, inda Fumie ta bar ta kafin jinyar da ba ta tashi ba. Duk ranar tunawa da ita yakan kunna, ya duba 'yar jarumar tana nan, ya kashe.

In allo ya ƙi kawowa, yakan cire kaset ya hura masa iska sau uku, kamar kowa a ƙasar, ya mayar. Marigayiyar takan farka da kiɗanta kamar mai godiya. A bana ya hura, ta farka, ta buɗe masa shafi babu 'yar jarumar, babu sunan kowa, sannan ta yi shiru.

Kuwabara mai gyara ta leƙa cikinta da tocila.

"Malam, wa yake tofa mata yawu?"

"Hurawa ce. Magani ne sananne."

"Maganin wa? Cirewa da mayarwa ke tayar da ita. Damshin bakinka ya cinye haƙoranta na ƙarfe, duk sun yi kore. Kai da ka karanta tarihin duniya."

"Ita ce ta nuna mini yana aiki."

"To, ta yi maka kara."

Mai makoki bai yarda kara ba ce. Shekara arba'in tana karɓar guba tana rera waƙa, ba ta ko yi tari ba don ya gane.

Za a yi mata addu'ar sallamar kayan da suka gama hidima ranar Lahadi da ƙarfe goma na safe, a wurin ibadar unguwa. Ba a buƙatar furanni. Ana tunatar da masu ta'aziyya cewa harshen wutar turare da fifitar tafin hannu ake kashe shi, ba a hura shi, domin numfashin ɗan Adam ba shi da tsarkin da zai taɓa abin mamaci. Tun yana ɗan shekara biyar aka koya wa Tsuruoka wannan.