Iska Kilo Tamanin

A Hayin Maje, wani ƙauye da ke gindin dutse, akwai wata tsohuwa, Inna Tabawa, mai 'ya'ya biyu maza. Babban shi ne Jatau. Ya ba shekara talatin da biyar baya, ƙato ne mai ƙarfin gaske, amma Allah ya yi shi da wani hali: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. Da yake ɗan fari ne, uwar ba ta kama sunansa, Babba take ce masa.

Ƙanensa Sallau kuwa ya yi boko, ya zauna birni, ya dawo da tumbi da wani keken hawan dutse. Keken yana da shok gaba da baya, wato ƙarfen nan mai shiga da fita da ke shanye gargadar hanya, kuma iska ake hura masa da wani ɗan famfo mai agogo. Sallau ya shelanta wa gari cewa nan da wata guda 'yan tseren keke za su zo daga birni su gangaro dutsen Maje, kuma shi zai kasance a gaba. Tun daga ranar Jatau ya zama bawan keke. Shi ke wankewa, shi ke turawa sama. Sallau ma ya daina ce masa Yaya.

Wata rana Sallau ya ce, "Jatau, shok ɗin nan da nauyin mai hawa ake saita shi. Ni kilo tamanin ne. Ka sa masa iska daidai nauyina."

Jatau ya tura keke har rumfar Malam Barmo mai sayen hatsi, ya ɗora shi a kan sikeli. "Malam, iska zan auna, kilo tamanin." Malam Barmo bai hana shi ba, sai ma ya yafito 'yan kasuwa su zo kallo. Jatau ya hura, ya duba sikeli, allura ba ta motsa ba. Ya ƙara hurawa har gumi ya jiƙa masa riga. Can sai aka ji fas! Robar cikin shok ɗin ta fashe, baƙin mai ya wanke masa fuska. Ya share ido, ya sake duba sikelin, ya ce, "Wallahi ko kilo ɗaya ba ta kai ba." Kasuwa ta kwashe da dariya. Da Sallau ya iso, a gaban jama'a ya kifa wa yayansa mari, kuma cikin masu dariyar nan babu wanda ya ce masa kul.

Wata rana, bayan an kai keken birni an gyaro, Sallau ya jingina shi da katangar gida, ya ce, "Hau ka zauna, ina so in ga yadda shok zai nutse. Kashi ɗaya cikin huɗu ake so. Kada ka motsa sai na ɗauko abin awo." Yana fita ƙofar gida ya haɗu da abokansa za su ɗaurin aure a wani gari, ya faɗa mota, ya manta.

Jatau na kan sirdi. Hantsi ya dubi ludayi, rana ta take, kansa ya ɗau zafi. Inna Tabawa ta fito ta ce, "Babba, sauko ka ci abinci."

"Ya ce kada in motsa, Inna."

Ta roƙe shi har ta gaji. Daga ƙarshe ta ɗauko kujera ta taka, ta riƙa ba shi fura a baki. Sai bayan la'asar Sallau ya dawo, ya tarar da shi ƙafafu sun kumbura. Bai ce masa sannu ba. Ya sunkuya ya auna, sai ya tsaya, ya yi tsaki. "Aikin banza! Ai nauyinka ne wannan, ba nawa ba. Sauka min daga kan keke." Jatau ya sauko, ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa, ya zube a ƙasa. Daga kwancen yake cewa, "Ka yi haƙuri, Sallau, na motsa sau ɗaya, ƙuda ne ya shiga hancina."

Wata rana kuma Sallau ya dawo daga gwaji yana yarfe hannu. "Shok ɗin gaba ya yi tauri, duk dutsen da na taka sai in ji shi a kafaɗa. Ni mai son tsalle ne, laushi nake so." Ya jefar da keken a tsakar gida ya shiga wanka.

Jatau ya ji tausayin ƙanensa, don shi ya goya shi yana ƙarami. Ya tuna abin da Inna ke yi wa wake idan ya ƙi nuna. Ya hura wuta, ya ɗora babbar tukunyar biki, ya zuba ruwa da kanwa dunƙule guda. Ya cire tayar gaba, ya tsoma shok ɗin gaban a ciki, ya tsaya yana riƙe da shi. Lokaci lokaci yakan ciro ya latsa da yatsa ya ce, "Da saura." Haka Sallau ya fito ya same shi, fenti na kwailewa. Ranar ya watso masa kayansa waje, ya ce ba zai ƙara kwana ɗaki ɗaya da dabba ba. Jatau ya koma kwana a zaure. Inna ta buɗe baki za ta yi magana, Sallau ya ce, "Inna, ko shi ko ni." Ta koma madafa, don da abin da Sallau ke kawowa ake ɗora tukunya a gidan.

Wata rana, ita ce ranar tseren, gari ya cika da baƙi. An kwana biyu ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma da safen rana ta fito. Keken ya sha gyara karo na biyu. Akwai wani ɗan maɓalli a jikin shok ɗin da ake murɗawa ya ƙage idan za a hau tudu, masu keke suna ce wa hakan kullewa. Sallau na sauri zai je a rubuta sunansa, ya waiwayo ya ce, "Kai, ka kulle min shok ɗin nan, kullewar da ba zai motsa ba ko kaɗan."

Jatau ya ce a ransa yau kam ba zai yi kuskure ba. Ya ɗauko sarƙar turken saniya da kwaɗon rumbu, ya naɗe shok ɗin da ita, ya zagaya ta jikin bishiyar darbejiyar ƙofar gida, ya datse. Ya girgiza, bai motsa ba. Sai ya yi tunanin wani zai iya buɗewa ya motsa shi. Ya je ya jefa makullin a rijiya.

Sallau ya dawo da lamba a ƙirji, ya ga keke a ɗaure. Aka nemi zarto, maƙerin garin yana can saman dutse wurin kallo. Daga nesa aka ji usur, 'yan tsere sun tashi. Sallau ya ɗauki famfon nan ya rufe Jatau da duka. Jatau ya fi shi ƙarfi sau biyu, amma ko hannu bai ɗaga ba, har haƙoransa biyu suka zube.

Ba a jima ba sai ga mutane suna gangarowa da gudu suna salati. Ashe ruwan nan ya cinye hanya a wata kwana da ke bakin kwazazzabo, ba a gani sai an iso. Ukun da ke gaba duk suka afka. Biyu suka karye, na farkon ko shurawa bai yi ba.

Da yamma gidan Inna Tabawa ya cika da 'yan barka. Sallau na zaune a kan tabarma yana amsawa. "Ai ni tun da safe jikina ya ba ni," in ji shi. "Shi ya sa na ce a kulle keken." Jama'a suka yi ta jinjina masa hankali.

A can bayan ɗaki, Inna na gasa wa Jatau baki da ruwan ɗumi da gishiri. Yana jin abin da ake faɗa a waje. Ya tofar da jini, ya ce, "Inna, ashe dai na kulle daidai?"

"Daidai ka kulle, Babba."

Ya taɓa gurbin haƙoransa da harshe. "To me ya sa ya dake ni?"

Inna Tabawa ta matse tsumman a cikin ƙwarya, ta daɗe tana kallon ruwan da ya koma ja. Sannan ta ce, "Buɗe bakin."

Ya buɗe.