Rasuwar Kombatisa, Ɗan Aiken Yaya Najib

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, gwargwadon wanda mamacin ya cancanta, ni Siddiƙ Mijinyawa, tela a layin masu shadda da ke Briketeri a nan Yawunde, a madadin mahaifiyarmu Hajiya Madina da ƙanwata Mu'mina da sauran iyalan marigayi Alhaji Mijinyawa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Kombatisa. Ya bar duniya wata ranar Lahadi bayan la'asar, a tsakiyar falonmu, a gaban shaidu, bayan gajeriyar jinya wadda ba ta wuce tsawon faɗowa daga saman kabad zuwa siminti ba. Mun jinkirta sanarwar ne don jiran babban mai makoki ya iso daga Gabon.

Saboda waɗanda ba su san marigayin a fuska ba: ɗan akwatin ƙarfe ne baƙi, bai fi sabulun wanki girma ba. Yana da baki biyu. Ta ɗaya siririyar wayar fibir mai ruwan ɗorawa ke shiga, wadda ta taso daga falwayar bakin titi, aka ce gilashi ne a cikinta, haske take ɗaukowa. Ta ɗayan kuma shuɗin kabul mai kauri ke fita zuwa akwatin wifi da kwamfuta. Wayoyin nan biyu ba sa jin yaren juna, shi ne tafintansu. Iyakar sana'arsa ke nan a duniya, ya karɓi magana nan ya miƙa can. A unguwarmu akwai mutane da yawa masu wannan sana'a, kuma ba sa buƙatar wutar lantarki.

Marigayin ya shigo gidanmu ne a satin da muka binne Baba. Babban yayanmu Najib, wanda ke kasuwancin wayoyi a Libreville, babban birnin Gabon, bai samu zuwa jana'iza ba. Ya ce matsalar takardu ce a kan iyaka. Mutane suna ta aiko da buhun shinkafa da galan na mai don masu zaman makoki, shi kuma ya aiko da wannan akwati ta hannun direban bas, tare da saƙon cewa daga yanzu kullum yana tare da mu. Wani mai gyara, Alim, ya zo ya huda bango, ya ja waya, ya ɗora shi a saman kabad, ya haɗa kwamfuta da talabijin. Ranar Lahadin da ta biyo sai ga Yaya Najib ya cika allon, cikin farar riga, bayansa kantoci jere da wayoyi sababbi. Inna ta yi kuka ranar. Da wannan kukan marigayin ya samu gindin zama.

Al'ada ce a faɗi alherin mamaci, zan yi ƙoƙari. Ba ya cin wuta sosai. Ba ya yawo. Jikinsa da ɗumi, tsaka ta samu wurin kwana a bayansa lokacin damina. Muryarsa ɗaya ce, wani siririn kuka, ziiii, kamar sauro ya shiga kwalba, wanda ba ka jin sa sai ka so yin barcin rana. Yana da ƙananan fitilu kore da ke ƙyaftawa ba dare ba rana, don mai wucewa ya ɗauka aiki yake yi.

Amma wajen aiki yana da zaɓi. Idan zan aika wa mai kaya hoton aikin wuyan riga kafin in yanka shadda, sai ya sume. Ranar da Mu'mina za ta yi rajistar jarrabawar makarantar jinya, ya ƙi motsi tun safe, sai da ta hau mashin zuwa unguwar Tsinga cikin ruwan sama ta yi a shagon wani. Na cire masa wuta na mayar, na hura masa baki, na roƙe shi da sunan da ba zan rubuta a nan ba. Amma ranar Lahadi bayan la'asar, lokacin kiran Yaya Najib, bai taɓa ko tari ba. Ya san wanda ya saye shi.

Ta bakinsa aka mulki gidanmu shekara da shekaru. Daga Libreville aka zaɓi fentin zaure. Daga can aka kori ɗan hayan shagon gefe, mutumin da ya yi zama da Baba tun kafin a haife ni. Daga can aka ce keken ɗinkina ya cika ƙara, aka ce Mu'mina ta rage fita, aka ce a rage wa Inna gishiri a miya. Inna kuwa takan yi wanka, ta ɗauko mayafinta mai kyau, ta zauna gaban talabijin kamar za ta karɓi baƙo. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce yayanku. Duk abin da ya ce sai ta ce to. Na taɓa tambayarta me ya sa ba ta musa masa, ta ce yaya za ta yi gardama da mutumin da maganarta ba ta isa wurinsa sai ya riga ya shiga wata.

Ajalin marigayin ya soma ne da maganar gida. Wani mai kuɗi yana sayen tsofaffin gidajen layinmu yana rushewa yana ɗora bene, idonsa ya faɗa kan namu saboda yana bakin titi. Yaya Najib ya gama magana da shi kafin mu ji. Ranar Lahadin nan sai ga wakilin mai kuɗin ya shigo da jaka, ya zauna a kujerar Baba ba tare da an nuna masa ba. Aka kunna talabijin. Yaya ya yi bayani mai tsawo. Ya ce unguwar ta cushe, gidan ya tsufa, za a kama wa Inna wuri mai kyau a unguwar Nkomkana, ni kuma tela ne, ko'ina na ajiye keke shago ne. Ya ce kowa zai samu rabonsa, abin da ya rage kawai Inna ta ce to.

Na ce, "Yaya, a tsakar gidan nan aka yi wa Baba wanka."

Ya ce, "Siddiƙ, da Inna nake magana."

Daga saman kabad marigayin yana ta ziiii ɗinsa. Mu'mina ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na riga na fara tunanin inda zan kai kekuna da teburin yanka, don ban taɓa jin Inna ta ce masa a'a ba.

Sai ta dafa sandarta ta miƙe. Ta taka a hankali, saboda gwiwa, har gaban kabad. Ta ɗaga kai ta dubi wayar mai ruwan ɗorawa, ta tambaye ni ko ita ce ke kawo yayanmu. Na ce ita ce. Ta juya sandar, ta saƙala lanƙwasar a jikin wayar, ta fizgo.

Marigayin ya taho da ka. Ƙararsa ta ƙarshe ita ce ƙwas, sai wani ɗan abu ya gangara ƙarƙashin kujera. A talabijin Yaya Najib ya daskare baki buɗe, yatsa a sama, daga nan ya ɓace. Inna ta juyo wajen baƙon ta ce, "Wanda ya kira ka ya fita. Ka gaida gida." Mutumin ya tattara jakarsa, har ya manta hularsa, sai da Mu'mina ta bi shi da ita.

Washegari Alim ya zo duba gawa. Ya girgiza ta a kunne, muka ji kayan ciki suna kacau-kacau. Ya ce kan gilashin ya karye a cikin baki, allon ciki kuma ya tsage, babu sauran magani. Ya ce yana iya kawo wani kafin azahar. Inna ta ce a ba shi shayi ya tafi.

Yaya Najib ya yi ta kiran wayata da ta Mu'mina, ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce a miƙa wa Inna. Ba ta karɓa ba ko sau ɗaya. Saƙonta bai canza ba: a gaya wa yayanku, mai son sayar da gida ya zo ya tsaya a cikinsa ya faɗa. Na isar da saƙon da daɗin rai, ba zan ɓoye ba. Na kuma shirya maganganun da zan tarbe shi da su, ina ɗinki ina maimaita su.

Da Yaya ya ce yana hanya, mun ɗauka babbar mota za ta tsaya a ƙofa. Sai Mohaman Bello mai tsire na bakin layi ya shigo shagona riƙe da hannun wani mutum, ya ce ya gan shi ya sauka daga mashin yana kai da kawowa, ya wuce ƙofar ya dawo, benaye sun rikita shi. Jaka ɗaya ce a kafaɗarsa. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu, dunduniyar takalminsa ta cinye gefe guda. Farar rigar nan ce a jikinsa, kuma da na matso sai na gane aikin hannuna ne, wadda na ɗinka masa tun Baba yana da rai. Wuyan ya sha wanki har zaren ya tashi.

A nan nake da babban ƙorafi a kan mamacin. Shekaru yana kawo mana hoton rigar nan duk mako, bai taɓa kawo shi da tsabtar da tela zai gane wuyan da ya ɗinka ba. Ya kawo umarni ba tare da ya zubar da ko kalma ba, ramar mutum kuwa ya bar ta a hanya.

Yaya ya shiga ɗakin Inna ya durƙusa. Mu'mina ta kai ruwa, ni ina tsaye bakin labule. Can ya faɗi gaskiya. Shagon da muke gani a bayansa ya daɗe da fita hannunsa. Kaya sun nutse masa, masu bin sa suka karɓe sauran, wanda ya sayi shagon ya riƙe shi yaron kanti. Ranar Lahadi ba a buɗewa, shi ya sa yake karɓar makulli ya shiga ya zauna ya kira mu. Jana'izar Baba ma ba takarda ce ta hana shi ba, kunyar zuwa hannu wofi ce. Rabonsa na gidan yake so ya sake ɗaga kansa da shi.

Inna ta saurare shi har ya gama. Sannan ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta ce, "Shi ne za ka sayar da inda za ka dawo?"

Ya kifa kai a gefen gadonta. Ta ce wa Mu'mina ta share ɗakin Baba ta shimfiɗa sabon zani, ta kuma ɗumama miya.

Maganganun da na shirya suna nan, ban yi amfani da ko ɗaya ba. Na zauna na ga yadda yake cin tuwo, sai suka ƙi fitowa. Ba na cewa mun shirya sarai. Maganar gado tana nan, liman zai zo a zauna, kowa da ƙafafunsa a kan tabarma, a ba kowa haƙƙinsa ba tare da an rushe bango ba. Kafin nan na matsar da teburin yanka na ba Yaya gaban shagona yana gyaran waya. Har yanzu yana cewa kekena ya cika ƙara. Bambancin shi ne yanzu in na amsa masa, amsar tana isa a kan lokaci.

Marigayin ya rasu ya bar wayar fibir guda, tana lilo a bango da karyayyen kai. Ya bar shuɗin kabul, wanda Mu'mina ta riga ta ɗaure a tsakar gida tana shanya. Ya bar akwatin wifi cikin takaba, da jar fitila ɗaya. Ya kuma bar ɗimbin maƙwabta da suka saba jingina da katangarmu suna latsa waya, waɗanda ba su taɓa yi mana sallama ba sai ranar da rezo, wato intanet, ya ɗauke. Su ne suka fi kowa jin wannan rashi, wasu har sun shigo tambayar yaushe za a kawo magaji. Muna gode musu, a ƙarshe mun ga fuskokinsu.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Ba wanka, ba likkafani, an sa shi a baƙar leda. Ba a buƙatar masu haƙa, don mai sayen tsofaffin ƙarafa na hanyar Tsinga ya yarda ya karɓe shi, ko da yake ya ce ba shi da nauyin da za a ɗora a sikeli. Za a tashi da gawa ranar Asabar da hantsi daga ƙofar gida. Za a karɓi gaisuwa a zaure. Mai zuwa ya zo da bakinsa, babu kod ɗin wifi da za a bayar.

Inna ta ce babban mai makoki ne zai ɗauki gawar, shi kaɗai, kuma a ƙasa, ba a kan mashin ba. Ta ce ya bi ta layin masu shadda, ya ratsa ta gaban masallaci da wajen masu tsire, ya tsaya ya gaida duk dattijon da ya zauna makokin ubansa. Saboda haka duk wanda ya ga wani dogon mutum mai furfura a gemu yana tafe da baƙar leda a hannu, Najib ne ɗan Alhaji Mijinyawa. Ku tare shi ku yi masa sannu da zuwa. Yana jin nauyi, amma yana amsawa.