Ranar Da Na Rushe Murhun Inna

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da na tara mutane a gidanmu na Kazaure don su ga wayewata, suka watse suna jin kunyar haɗa ido da ni.

Lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Babura. Inna, mahaifiyata, ta yi wata uku tana tari, irin wanda in ya taso mata sai ta dafe bango. Likita ya ce huhunta ya gaji, a raba ta da hayaƙin itace. Yaya Talatu, yayata da ke zaune tare da ita, ta ce a sayo murhun gas. Inna ta ce ba za ta kwana gida ɗaya da tukunyar gas ba. Sai na ce a bar mini, rishon lantarki zan sayo, tunda unguwar akan samu wuta da rana.

Na tafi Kano, na shiga wani shagon kayan lantarki. Mai shagon, wani dattijo, ya jera mini iri uku. Ga mai naɗaɗɗen ƙarfe, ga mai gilashi da ke yin jawur ya dafa da kowace tukunya, sai wani baƙi sumul da ya ce shi da maganaɗisu yake aiki, ga sauri, ga shi ba ya cin wuta. Nan idona ya tsaya.

Ya ce, "Amma Malam, da wace irin tukunya ake girki a gidan? Domin shi wannan..."

Na katse shi. "Baba, ni malamin kimiyya ne. Maganaɗisun nan ni nake koyar da shi."

(Tsakani da Allah, daga littafi nake kwafa wa yara a allo. Ban taɓa shiga aji da maganaɗisu a hannu ba.)

Ya ce, "To, Allah ya sa albarka."

Da na iso gida ban jira an kawo wuta na gwada ba. Na ɗauki fartanya na rushe murhun lakar da Inna ta gina tun kafin a haife ni, itacen kuma na raba wa maƙwabta. Ina yi ina wa'azi a kan illar hayaƙi. Inna daga kan tabarma ta ce, "Ɗan nan, da ka bari an ga kamun ludayinsa tukuna." Na ce, "Inna, ke dai zuba ido."

Bayan azahar aka kawo wuta. Kawu Sale, ƙanin Inna, ya zo dubiya daga Roni, matan maƙwabta kuma sun cika tsakar gida. Inna ba ta ci komai ba tun safe, kunu take jira ta sha magani. Na ɗora tukunyarta ta alminiyon, na danna. Abin ya ce tit, tit, tit, ya mutu. Na sake. Na sauya tukunya. Sai da na gwada duk tukwanen gidan, har ta ƙasa da ake miyar kuka. Na tsoma yatsa, ruwan kamar yanzu aka ɗebo shi daga randa.

Sai a lokacin na buɗe takardar cikin kwalin. Tukunyar da maganaɗisu ke kamawa kaɗai yake dafawa da ita. Mu kuwa ba mu da ko ɗaya.

Kawu ya ce, "Malam, daga ganin hadari sai wanka da kashi?"

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi.

Yaya Talatu ta bi gidajen da na raba wa itace tana roƙo. Damina ce, an riga an jibge shi a waje ya jiƙe. Ta kafa duwatsu uku a tsakar gida ta hura, hayaƙi ya turnuƙe fiye da na kullum. Tari ya sarƙe Inna, har na ga jini a bakin mayafinta. Mutane suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, "Allah ya ƙara sauƙi." Da ta samu numfashi, cewa ta yi, "Ku bar shi, alheri ya nufa." Na gwammace ta zage ni.

Kunya ta hana ni komawa shagon. Mako biyu ina yawo a kasuwa da maganaɗisun tsohuwar rediyo a aljihu, ina manna wa gindin tukwanen mutane kamar sabon kamu. Ban samu mai girman da za ta yi tuwon gidan ba. Daga ƙarshe na koma. Dattijon ya musanya mini da mai yin jawur ɗin.

Kafin in kawo shi an kwantar da Inna a asibiti. Ba ta dawo da ƙafarta ba. Likita ya ce ciwon tsoho ne, ba hayaƙin yini ɗaya ya jawo ba, amma zuciyata ba ta karɓi wannan ba har yau. Abin da aka fara ɗorawa a kan sabon rishon, ruwan wankan gawarta ne.

Yanzu ko tsintsiya zan saya wa wani, sai na fara shiga ɗakinsa na ga irin daɓen. In kuwa dattijo ya fara magana, ko a kan abin da nake cin albashi da shi ne, nakan kame bakina har ya kai aya.