Ranar da Barmo Ya Wanke Riga a Fatakwal

Ni ba mai yawan dariya ba ce, 'yan gidanmu sun sani. Amma abin da Barmo ya yi a Fatakwal, har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna.

Barmo ƙanen marigayi mijina ne. Mu mutanen Maigatari ne, kuma duk wanda ya san Maigatari ya san rana. Sai dai zafinmu na can mai gaskiya ne: ya dake ka a ka, ka shiga inuwa ya ƙyale ka. Ka yi wanki ka shanya, kafin ka zubar da ruwan ɗauraya kayan farko sun bushe ƙayau. To da ɗana Sabi'u ya kafu da fataucin awaki a Fatakwal, sai ya ɗauko ni ya kawo ni wurinsa. Nan na haɗu da wani irin zafi marar tarbiyya. Ba ya tsayawa a waje, har ɗaki yake bin mutum ya kwanta masa a jiki. Gishiri ya narke a gwangwani, kukar miyar da na zo da ita ta dunƙule, takalmin fata ya yi gashi kore. Randar da na sha wahalar kawowa ma ruwanta ya ƙi sanyi. Na daɗe ina zargin yaran maƙwabta kafin na gane garin ne haka.

Ana nan Sabi'u ya ga yarinya, Sakina, 'yar mutanenmu Hausawa da suka daɗe a can. Tana so, yana so, ubanta ya yarda. Saura yayan uban, Alhaji Isiyaku, wanda shi ne zai ba da aure. Shi kuwa a Fatakwal aka yanke masa cibi, kuma kallon 'yan ƙauye yake yi wa duk wanda ya sauko daga mota da buhu a ka. Ya faɗa a fili, kowa ya ji, cewa shi ba ya ba da 'ya sai ya ga babban gidan da za ta shiga. In dattijon da aka turo ya cika masa ido, a ɗaura. In bai cika ba, a ɗaga, a sake shawara.

Babban gidanmu kuwa Barmo ne. Aka aika masa, ya taho da jakarsa da sandarsa da babbar rigarsa.

Rigar nan sai na ɗan faɗa muku. Farar shadda ce mai kauri, aikin hannu tun daga wuya har cibiya, ta baya ma haka. In ya sa ta a Maigatari har 'yan kasuwa tashi suke yi su gaishe shi. Ba ya bari kowa ya taɓa ta, ko matarsa. Ranar da ya sauka na ce masa ya fito da ita daga jaka ya rataye ta sha iska, don garin nan ba ya barin kaya a ƙunshe. Ya ce wai shekarun da rigar ta yi a jakar nan sun fi waɗanda na yi a Fatakwal, in kula da tukunyata. Na ce to.

Da na ga yana fifita da hula, na tambaye shi yaya ya ga zafin. Ya ce wannan ai ba zafi ba ne, wasan yara ne, mutumin da ya yi noma a Maigatari ba zai zo bakin teku ya yi kuka ba. Yana faɗa gumi na ɗiga daga gemunsa cikin kokon da na dama masa.

Safiyar ɗaurin aure ya buɗe jaka. Ina tsakar gida na ji ya yi salati. Rigar ta yi fumfuna, ɗigo-ɗigo baƙi da kore kamar bayan zabuwa, ga wani wari irin na rijiyar da aka daina ɗiba. Sabi'u ya rikice, ya ce Baffa ga sabuwar shaddata, sa ta kawai. Barmo ya ce Allah ya kiyaye, bai taɓa zuwa neman aure da rigar aro ba, balle ta ango, wadda ko gwiwarsa ba za ta kai ba. A ba shi bokiti.

Na ce masa, “Barmo, in ka tsoma rigar nan a ruwa yau, sai jibi.”

“Yaya Gaje, yanzu hantsi ne. Sai bayan azahar za a ɗaura. Riga nawa kike so in wanke in busar kafin nan?”

Ya naɗe hannu ya wanke ta tas, ya matse, ya baza a igiya. Ya jawo kujera ya zauna gabanta ya harɗe ƙafa, kamar mai jiran shayi ya tafasa. Can ya tashi ya taɓa. Ya koma. Ya sake tashi ya taɓa, ya juya ta, ya ɗaga kai ya harari rana. Rana kuwa tana nan a sama, fara fat, ba ta aikin komai. Ya tambaye ni ko wani ya zo ya watsa mata ruwa da ya shiga kewaye. Na ce babu wanda ya watsa, iskar ce da ruwanta.

Daga nan gida ya hargitse. Aka kai ta gaban fanka, aka ɗauke wuta. Aka aro dutsen guga na gawayi, gawayin ya sha sanyi ya ƙi kamawa, sai hayaƙi. Da ya kama, Barmo ya ɗora a kan aikin wuya, tururi ya tashi ya rufe masa fuska, ya goge gaba ya juya baya, kafin ya gama baya gaban ya koma yadda yake. Shi da Sabi'u suka kama ta gefe da gefe suna kaɗawa a tsakar gida, sama, ƙasa, sama, ƙasa, awaki na tsalle suna gudu, matan maƙwabta sun jeru a kan katanga. Wata ta tambaye ni ko al'adarmu ce ta biki. Na ce mata ta sauka.

Sai Barmo ya ce ya gano maganin abin, iska ce ta yi ƙaranci. Ya sa Sabi'u ya tayar da a-kori-kurar da yake ɗaukar awaki. Dattijo mai jikoki ya hau baya daga shi sai 'yar shara, ya zura sandarsa ta hannuwan rigar, ya ɗaga ta sama, ya ce a ja. Suka fita unguwa riga na filfilawa kamar tuta, yara na bin su da ihu, masu shaguna na ɗaga musu hannu don sun zaci kamfen ne. Har wani ya bi su yana tambaya wace jam'iyya.

Ya ce mini daga baya wallahi ta fara shan iska, saura kaɗan. Suna kan hanyar dawowa aka saki yayyafi. Ba hadari, ba iska, ba sallama, yadda ruwan garin yake yi.

Aka kira azahar. Barmo ya shiga ɗaki, ya sake matse rigar, ya zura ta a haka, ya kafa hula, ya ɗauki sanda. Na ce yanzu a haka za ka je gaban mutumin da yake neman dalili? Ya ce a haka. Ya fita yana tafiya rigar na manne masa a cinya, tana ƙara caɓ-caɓ, Sabi'u na biye da shi kamar wanda za a kai asibiti.

Ni ban je ba, ba wurin mata ba ne, amma duk wanda ya dawo magana ɗaya ya kawo mini. Falon Alhaji Isiyaku ya cika maƙil, an rufe tagogi saboda yayyafi, wuta ba ta dawo ba. Manyan mutane sun sha manyan riguna suna ta fifita da huluna da katin gayyata. Shi Alhaji yana tsakiya a kan kujera, tawul a wuya, rigarsa ta lafe masa a ƙirji da baya. Barmo ya yi sallama, ya gaisa da liman, ya zauna a kan darduma. Ba a jima ba ruwa ya fara zagaye shi, na kusa da shi suka ɗan janye ƙafa.

Liman ya ce wakilin ango ya yi magana. Kafin Barmo ya buɗe baki Alhaji Isiyaku ya ɗaga hannu. Ya dube shi tun daga hula har ƙafa, ya dubi dardumarsa, ya goge wuya da tawul, sannan ya ce yadda kowa zai ji:

“Malam, an ce mini babban gida zai zo. Yanzu in ɗauki 'yata in ba mutanen da babbansu ya shigo mini jiƙe sharkaf?”

Sabi'u ya sunkuyar da kai. Barmo bai yi sauri ba. Ya bi sahu da kallo ɗaya bayan ɗaya, har liman, sannan ya dawo da idonsa kan tawul ɗin Alhaji.

“Alhaji, tun da na shigo nake dubawa, ban ga busasshe ba a ɗakin nan. Ni dai nawa ruwan na wanki ne.”